Na San Dokar, Amma Bakina Ya Mutu A Gaban Farfesoshi

Assalamu alaikum Malam. Ni malami ne a wata kwalejin kimiyya da fasaha, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya uku. Na yi digiri na biyu a injiniyancin lantarki da sadarwa, bincikena kuma a kan yadda siginar waya ke raguwa tsakanin ƙarfen sabis da wayar hannu ne a unguwannin Kano. Bara na nemi gurbin digiri na uku a ɗaya daga cikin cibiyoyin IIT, manyan makarantun fasaha na Indiya, aka kira ni intabiyu ta intanet. Wani farfesa ya tambaye ni me ya sa sigina ke raguwa da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne) duk lokacin da aka ninka nisa biyu a sarari. Na san dokar, tana cikin kundina, ina ma koyar da ita. Na karanto masa ita, ya ce ba ita ya tambaya ba, dalilinta yake so. Kaina ya ɗaure, na yi shiru. Ba a cika minti 15 ba aka sallame ni. Yanzu wata cibiyar ta kira ni, saura mako biyar. Na tara littattafai takwas ina bin su daga bango zuwa bango, barci ya ƙaurace mini, kuma ko abokan aikina ban gaya wa ba saboda kunya. Malam, ni ne ban iya ba, ko shirin ne ban iya ba?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Shirin ne. Wanda bai iya ba, ba a kiransa intabiyu sau biyu a irin waɗannan wurare. Amma yadda kake shirin yanzu, da littattafai takwas da rashin barci, hanyar da ta kai ka ga abin da ya faru bara ce kake sake bi, sai dai wannan karon da gudu.

Bari mu koma kan tambayar da ta kayar da kai, domin duk abin da zan faɗa maka yana cikinta. Ka kunna fitila a tsakiyar fili cikin dare. Haskenta yana bazuwa ta kowace fuska daidai, kamar balan-balan da ake hurawa. Ƙarfin da ya bar fitilar ba ya ƙaruwa a hanya, amma fatar balan-balan ɗin tana faɗaɗa gwargwadon nisa sau nisa. In ka ninka nisan biyu, fatar ta ninka huɗu, rabon da zai sauka kan eriyarka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rabi desibel 3 ne, rabin rabi kuma desibel 6. Shi ke nan abin da farfesan yake jira, magana ce ta minti ɗaya da zane ɗaya. Kuma na tabbata kana karanta wannan kana cewa ai ka san haka. Ka sani ɗin, amma ba ka taɓa faɗinsa da bakinka wani yana sauraro ba, shi ya sa da aka nema sai dokar da ka haddace ta riga shi fitowa.

Da ka amsa, ga inda zai nufa da kai: to me ya sa dokar ta ce asarar tana ƙaruwa da firikwensi, wato yawan kaɗawar igiyar sigina a daƙiƙa, alhali a sarari babu abin da ke shanye sigina? A nan mutane da yawa suke cewa iska ce ke cinye igiyoyi masu babban firikwensi, kuma a wannan dokar ba haka ba ne. Eriyar da ke karɓa ce ta ƙanƙance. Faɗin da eriya ke iya tarar sigina da shi yana tafiya da tsawon igiya sau tsawon igiya. A megahaz 900 tsawon igiyar kusan santimita 33 ne, a 1800 kusan 17, a gigahaz 3.5 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjonsa don 5G a Disambar 2021 kuwa bai kai santimita 9 ba. Ruwan saman bai ragu ba, ƙwaryar da aka tara ce ta zama ƙarama. Ka ga yadda tambaya ɗaya ta haifi ta biyu, ta biyun kuma za ta haifi ta uku: to in haka ne, me zai hana a jera ƙananan eriyoyi da yawa su maye gurbin babba? Daga nan kun shiga maganar eriyoyi masu yawa a ɓangaren aikawa da na karɓa, fasahar da Arogyaswami Paulraj, wanda ya yi digirinsa na uku a IIT Delhi, ya buɗe ƙofarta a jami'ar Stanford a farkon shekarun 1990. Haka intabiyun take tafiya. Ana kama zare ɗaya ne a yi ta ja har a ga inda ya tsinke a hannunka.

Kuma zai tsinke. Ina so ka sa wannan a ranka tun yau, domin shi ne zai rage maka tsoro. Farfesoshi uku ko biyar da suka shekara ashirin suna bincike za su kai ka inda ba ka sani ba ko da littafi ashirin ka karanta, kuma da gangan suke yi. Suna neman mutumin da za su zauna da shi shekara huɗu ko biyar a kan matsalar da su kansu ba su da amsarta. Abin da suke kallo shi ne me kake yi a lokacin da saninka ya ƙare: kana yin shiru, kana ƙirƙiro amsa, ko kana ɗaukar alƙalami ka fara daga abin da ka tabbatar kana matsawa a hankali.

Saboda haka ka rufe littattafai biyar ko shida daga cikin takwas ɗin. Taura biyu ba ta taunuwa, balle takwas. A irin wannan intabiyu galibi sukan tambaye ka darussan da ka fi ƙarfi a kansu, su yi maka tambaya daga nan. Tunda bincikenka a sadarwar wayar iska yake, zaɓinka ya fito fili: sigina da tsarinta, ka'idojin sadarwa, da lissafin yiwuwa. Ka ɗora kaɗan daga lissafin matiris a kai, domin ba a maganar eriyoyi masu yawa ba tare da shi ba. Kada ka ambaci darasin da ba ka shirya ba don ka burge su. Duk abin da bakinka ya furta, ko ka rubuta a takardar neman gurbi, ka buɗe musu ƙofa ne su shiga.

A cikin waɗannan ukun ma ba ƙarshen littafi ake tambaya ba, babukan farko ne. Ga yadda nake so ka riƙa bi da kowace doka. Ɗauki ɗiban samfurin sigina, wato auna ta a kai a kai don mayar da ita lambobi. Muryar da ake aikawa a layin tarho tana tsakanin haz 300 da 3400, ana ɗibar samfurinta sau 8000 a daƙiƙa, kowane samfuri bit 8, jimla bit 64,000 a daƙiƙa. Wannan kowa ya sani. Yanzu ka tambayi kanka da babbar murya: ninkin 3400 ai 6800 ne, me ya kai mu 8000? Domin babu matatar sigina da ke yanke firikwensi tsaf kamar wuƙa, dole a bar mata fili ta gangara. Me zai faru in an ɗiba ƙasa da ƙa'ida? Manyan firikwensi za su ɓad da kama su fito a matsayin ƙanana, kamar yadda tayar mota mai gudu ke zama kamar tana juyawa baya a hoton bidiyo. Zana shi, ka nuna yadda kwafin siginar ke hawa kan juna. Sai ka ƙara matsa wa kanka: siginar da ta zauna tsakanin megahaz 100 da 102, sai an ɗebe ta sau miliyan 204 a daƙiƙa? A'a, faɗinta megahaz 2 ne kawai, a ka'ida sau miliyan 4 ya isa. In ka iya nuna dalilin wannan a kan allo ba tare da duba littafi ba, ka mallaki babin.

Haka za ka yi da dokar da Claude Shannon ya fitar a 1948 kan iyakar bayanan da hanya za ta iya ɗauka. Kada ka tsaya a karanto ta, ka sa mata lambobi. Layi mai faɗin haz 3100, sigina ta fi hayaniya da desibel 30, wato ninki 1000, zai ba ka kimanin bit 31,000 a daƙiƙa. Sannan tambayar da suke so: in aka yi ta ƙara faɗin hanyar ba iyaka alhali ƙarfin siginar yana nan yadda yake, bayanan ma za su yi ta ƙaruwa ba iyaka? Ba za su yi ba, domin duk faɗin da ka ƙara hayaniya ce kake ƙara kwasowa, sai adadin ya je ya tsaya a wata iyaka. A lissafin yiwuwa kuma, ka ɗauki lambobi biyu da ba su dogara da juna ba, kowace tana iya faɗawa ko'ina tsakanin 0 da 1 daidai wa daida, ka haɗa su. Rabuwar jimlar tasu za ta fito da siffar dala mai kusurwa uku. Ka gane me ya sa, sannan ka ga abin da zai faru in sun zama goma, ko ɗari. Daga nan ne za ka fahimci dalilin da ya sa siginar da ta iso wayarka ta hanyoyi barkatai, bayan ta yi karo da gine-gine da motoci, take hawa da sauka bisa tsarin yiwuwar da ake kira Rayleigh. Abin da ka auna da hannunka ke nan a titunan Kano, wataƙila ba ka taɓa haɗa shi da wannan darasin ba.

Ko da sadarwa ka zaɓa, ka ware yini biyu ga da'irar rizista da kafasita, domin akan samu farfesan ɓangaren lantarki a kwamitin da zai so ya ji ko tushenka yana nan. Ka iya zana yadda kafasita ke cika, ka san tana kai kashi 63 cikin ɗari a lokacin da ya yi daidai da R sau C, wato ƙimar rizista sau ta kafasita, ka kuma iya faɗin me ya sa da'irar take barin ƙananan firikwensi su wuce ta danne manya. Wannan ya isa.

Akwai laccocin shirin NPTEL da cibiyoyin IIT da cibiyar kimiyya ta IISc da ke Bengaluru suka ɗora kyauta a YouTube. Amfaninsu biyu ne a gare ka. Na farko za ka ga yadda malamansu ke gina darasi daga tushe, wanda shi ne salon tambayarsu. Na biyu kunnenka zai saba da yadda suke furta Turanci, don kada ka ɓata rabin hankalinka wajen gane kalmomin tambaya. Sa'a ɗaya a rana ta wadatar, kuma ka riƙa tsayar da bidiyon kafin malamin ya kammala lissafi, ka ƙarasa da kanka.

Yanzu kundinka, wanda a ganina shi ne wurin da ya fi kowanne haɗari, kuma shi ne babbar damarka. In ba ka amsa tambaya a kan darasi ba, za a ce mantuwa ce. In ba ka amsa tambaya a kan aikin da sunanka ke bangonsa ba, zargin da zai shiga zukatansu ya fi haka muni. Masu irin bincikenka a ƙasar nan galibi suna gwada awonsu da tsarin Okumura da Hata mai hasashen raguwar sigina, ina kuma zaton kai ma haka ka yi. To ka san cewa a Tokyo da kewayenta Okumura ya yi awonsa, aka wallafa a 1968, Hata kuma ya mayar da zane-zanen zuwa lissafi a 1980. An gina shi ne don firikwensi daga megahaz 150 zuwa 1500, nisan kilomita 1 zuwa 20, da eriyar tasha mai tsayin mita 30 zuwa 200. In a megahaz 1800 ka yi awo, ka fita daga iyakarsa, sai dai in gyaran tsarin Hata mai suna COST-231 da ya kai 2000 ka yi amfani da shi. In wasu wuraren da ka auna ba su kai kilomita ɗaya daga ƙarfen sabis ba, nan ma ka fita. Ka buɗe kundin ka duba yau. In ka samu kuskure, kada ka ɓoye shi kana addu'ar kada su gani. Ka riga su faɗa: ga abin da na yi, ga inda ya gaza, ga yadda zan yi shi yanzu. Ɗalibin da ya gano raunin aikinsa da kansa ya nuna musu ainihin abin da suke nema.

Kuma kana riƙe da abin da babu wani a ɗakin da ya san shi kamar kai. Ka san yadda gidajen ƙasa na cikin birni suka bambanta da benayen siminti na sababbin unguwanni, ka san lungunan da mota ba ta shiga, ka san rufin kwano, ka san yadda hazo ke rufe gari a hunturu. Tsarin da aka auna a Tokyo bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ka shirya bayanin aikinka na minti biyu: wace tambaya ka yi, yaya ka auna, me ka samu da lamba, me ya rage ba a warware ba. Daga wannan na ƙarshen ne amsar "me kake so ka bincika" za ta fito da kanta. Sannan ka shiga shafin sashen, ka zaɓi malamai biyu ko uku da aikinsu ya kusanci naka, ka karanta maƙala ɗaya ta kwanan nan daga kowannensu. Ba sai ka gane duk lissafin ba. Ka gane matsalar da suke ƙoƙarin warwarewa, ka fito da tambaya ɗaya ta gaskiya.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙarka. Na gane ta. Mutumin da ɗalibai ke miƙe wa in ya shigo aji, ana ce masa Malam a unguwa, yana da nauyi ya ce bai sani ba, ya fi nauyi ya ce an gwada shi ya faɗi. Amma ƙanena, wannan ɓoyon shi ke hana ka maganin da ya fi kowanne aiki. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ba za ka taɓa jin inda bayaninka ke yankewa ba sai wani ya zauna a gabanka yana ce maka "me ya sa?" Ka zaɓi abokan aiki biyu da ka yarda da su, ka gaya musu gaskiyar abin da ya faru bara. Sau biyu a mako su tsayar da kai gaban allo na minti 30, da Turanci, su katse ka, su musa maka ko da kana da gaskiya don a ga ko za ka tsaya a kan hujjarka. In da hali ɗaya ya zama malamin lissafi ko fiziks, wanda bai san dokokin sadarwa ba, domin shi ba za ka iya rufe masa baki da sunan doka ba. Ajinka ma filin gwaji ne: gobe in ka shiga, kada ka rubuta dokar a allo, ka fito da ita daga tushe a gaban yaran. Su ma sun ƙaru.

Ka kuma koya wa bakinka abin da zai faɗa in tambaya ta fi ƙarfinka, tun kafin ranar. Ka maimaita musu tambayar da kalmominka don ka tabbatar ka ji daidai. In ba ka ji ba ka roƙi a sake, babu aibu a ciki. In ba ka san amsar ba ka ce ba ka san ta kai tsaye ba, amma za ka gwada daga abin da ka sani, sannan ka fara rubutu kana magana. Yawancin farfesoshi in sun ga kana tafiya sukan jefo maka ɗan haske, kuma yadda ka kama hasken nan ka yi aiki da shi yana cikin abin da ake aunawa. Shiru ne kaɗai ba sa iya taimaka wa. In kuma abu ne da ba ka taɓa karantawa ba sam, ka faɗi haka a gajarce, a wuce zuwa wani.

Abubuwan ranar kada ka raina su. Indiya tana gaban Najeriya da sa'a huɗu da rabi, wato ƙarfe 10 na safe a can ƙarfe 5:30 na asuba ne a nan. Ka duba takardar gayyatar ka tabbatar da agogon wace ƙasa aka rubuta, ka duba kuma ko akwai rubutacciyar jarrabawa kafin ganawar, domin tsarin ya bambanta daga cibiya zuwa cibiya. In da asuba ne, ka mayar da barcinka da wuri tun mako guda kafin nan, ka yi gwaji ɗaya ko biyu a daidai wannan lokacin. Ka tanadi layukan data biyu na kamfanoni daban, kwamfuta cike da caji, da fitilar da za ta haska fuskarka in an ɗauke wuta. Ka sayi ƙaramin farin allo da alƙalamin allo mai kauri, ka gwada da wani ko rubutunka yana karantuwa ta kyamara. Kundinka da takardunka su kasance kusa da hannu.

In suka ba ka dama ka yi tambaya a ƙarshe, ka yi ta a kan aiki: kayan awon da ɗakin bincikensu ke da su, ko darussan da ake so sabon ɗalibi ya ɗauka a shekarar farko. Maganar kuɗin tallafi, masauki da zuwa da iyali kuwa ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na cibiyar, ka samu amsa a rubuce kafin ka karɓi gurbi. Kai mai 'ya'ya uku ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ka zauna da maiɗakinka tun yanzu ku tattauna yadda shekarun nan za su kasance in Allah ya sa an dace, ka kuma fara bin maganar hutun karatu a wurin aikinka, kada takardar gurbi ta zo ta same ka ba ka taɓa ko ɗaya ba.

Makonni ukun farko ka ba darussan nan uku, kowanne mako guda, da gwajin allo a tsakani. Na huɗu na kundinka ne da maƙalun malaman. Na biyar kada ka buɗe sabon babi ko ɗaya, maimaici ne kawai da barci isasshe. Yau da daddare kuma, kafin komai, ka ɗauki takarda ka zana balan-balan ɗin nan, ka kira maiɗakinka ko babban ɗanka ka bayyana musu da Hausa me ya sa sigina ke komawa kashi ɗaya cikin huɗu. In sun gane, gobe ka maimaita shi da Turanci a gaban abokin aikinka. Allah ya ba da sa'a, kuma ina jiran wasiƙarka bayan intabiyun, ko yaya ta kaya.